Murhun da Ke Cin Hayaƙinsa

Sana'ata sanyaya wa mutane ɗaki. Na haura shekara goma ina hawa rufin gidajen Doha da jakar kayan aiki a kafaɗa, in wanke esi, in ɗura gas, in sauya abin da ya ƙone. Idan ana neman wanda ya san ta inda iska ke shiga ɗaki da inda take fita, to ni ne. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya yi min uzuri da rashin sani. Da sanina na yi abin da na yi, kishi ne ya sa ni.

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da ƙanena, shekara bakwai na ba shi. Ni na koya masa hawan keke, ni na riƙa goya shi zuwa makarantar allo idan hanya ta yi taɓo. Da ya girma kansa ya ja, ya yi ta karatu har ya samu gurbin digiri na uku a nan Doha, aka ba shi ɗaki a Al Thumama. Har yau bai karɓi takardar ba, amma tun ranar da ya hau jirgi Baba ya sa masa Dakta, sunan kuma ya bi shi. Ni Babba yake ce min, kamar yadda yake ce min tun ina yawo ba wando.

Kowace Juma'a bayan masallaci ƙanena yakan zo ɗakina a Bin Omran mu ci shinkafa, mu sha shayin karak, mu kira gida. Da wayata ake kiran, ni nake riƙe ta. Baba zai tambaye ni aiki, ya tambaye ni zafi, ya sa min albarka, duk a cikin minti guda. Daga nan sai ya gyara zama ya ce, "Dakta na kusa?" Sai in miƙa wayar in koma wanke kwanuka, ina jin su suna hirar farashin masara da siyasa da rikicin filin maƙwabcinmu. Ban taɓa nuna abin yana damuna ba. Amma yana damuna, har kwano na taɓa fasawa.

Gidanmu a Gembu yake, can kan tsaunin Mambila. Kakanmu ne ya hau da fatauci ya ƙi saukowa. Wanda bai taɓa kwana a can da damina ba ba zai yarda ana irin wannan sanyi a Najeriya ba. Hazo ya sauko ya rufe gari, ruwa ya yi ta tsiyaya kwana da kwanaki, bargo ma ya yi danshi. Tunda na san Baba da kaskon gawayi yake kwana, ya rufe ƙofa da taga, kaskon na gefen gado. Da shekaru suka ja sai tari ya kama shi, irin mai fito a ƙirji. Likita ya ce masa ko ya rabu da gawayi a ɗaki, ko ya riƙa zuwa asibiti da jakar kayansa.

A nan Doha kuwa, da hunturu ya shigo Larabawa kan fita sahara su kafa tanti, shagunan kayan zango su cika da darduma da fitilu da murhunan ƙarfe masu ƙofar gilashi da bututun fitar da hayaƙi. Na je gyara a wani shago irin wannan ta wajen Ain Khaled, na ga murhunan, na duƙa na leƙa cikinsu, na ƙwanƙwasa ƙarfen. Nan take na ce ga maganin Baba. Wuta a cikin ɗaki, hayaƙi a waje. Mako biyu ina juya abin a raina, har na zana yadda bututun zai ratsa kwanon rufin. Jira nake Juma'a ta zo in faɗa masa da bakina.

Juma'ar ta zo. Na riƙe waya, Baba ya yi tari ya gama, ya ba mu labarin abin da likita ya ce. Na buɗe baki ke nan sai ya ce, "To Dakta, kai da ka yi karatu, yaya za a yi da sanyin nan?"

Ƙanena ya haɗiye lomarsa ya ce, "Baba, akwai wani murhu na ƙarfe mai bututu, itace ake sa masa, hayaƙin ya fita ta rufi."

"Madalla! Ai shi ya sa ake karatu."

Zanen yana cikin aljihun rigata a lokacin. Ban fito da shi ba. Na dai ce ni ma na ga irinsa, Baba ya ce to in raka Dakta ya duba.

Washegari da safe muka tafi a motar aikina. Mai shagon dattijo ne ɗan Siriya, mai yawan magana da hannu. Ya ce murhun iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ke gabanmu, akwatin ƙarfe da bulo a ciki, da wasu 'yan bututu masu huda a sama da ke hura wa harshen wuta iska. Ka zuba itace, ka kunna, ka rufe ƙofa, shi ke nan. Na biyun ba ya ajiye shi, sai an yi odarsa, hotonsa ya nuna mana a littafi. A samansa akwai wani dunƙulen abu mai ramuka kamar saƙar zuma. Idan ya yi zafi, hayaƙin da ya bi ta cikinsa sai ya sake kamawa ya ƙone. Murhu ne mai cin hayaƙinsa. Itace kaɗan yake sha, zubi ɗaya kuma ya kai ka har asuba.

Sannan ya ɗaga yatsa ya lissafa sharuɗɗansa. Itacen sai busasshe ƙayau. Akwai wata mariƙa a gefe, a buɗe za ka bar ta har allurar awon zafi da ke jikin murhun ta hau, sannan ka rufe hayaƙin ya bi ta saƙar. Ba a sa masa leda, ba a sa kananzir, ba a sa katako mai fenti. In aka yi ɗaya daga ciki saƙar ta toshe, hayaƙi ya rasa hanya.

Yana magana ina ganin Inna a raina, tsugune a gaban murhu. Tunda nake ban taɓa ganin ta hura wuta ba tare da ta murɗe baƙar leda ta cusa ƙarƙashin itace ba, ta yayyafa kananzir daga kwalba. Itacen Gembu kuma na turare ne, yau a sare gobe a kawo, da damina har ruwa yake tsatsafowa ta gindinsa idan wuta ta kama. Na ce a raina, wannan mai saƙar ba namu ba ne, ko kyauta aka ba mu. Ina shirin faɗa ke nan.

"Yaya, mu ɗauki mara saƙar nan," in ji ƙanena. "Ka san Inna da leda. Ga itacenmu ɗanye."

Karo na biyu ke nan a cikin kwana biyu. Ya sake riga ni faɗa. Kafin in ankara ya kira gida a wayarsa, ya yi wa Baba bayani a taƙaice, na ji muryar Baba ta fito: "Duk yadda Dakta ya ce haka za a yi."

Wallahi, ni da ƙarfe ya cinye min tafin hannu, ni da na fara ganin murhun, an mayar da ni direba. A cikin mota na yi tsalle na dire na ce mai saƙar za a saya. Na ce Baba ba zai iya tashi sau uku yana ƙara itace ba. Na ce itace tsada yake yi a Gembu. Na ce mai ciwon ƙirji murhun da ya fi rage hayaƙi ya kamace shi, ba wanda ya fi araha ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, a littafin mai shago. Na ƙara da cewa mutanen boko kun raina iyayenmu, kuna ganin ba za su iya juya mariƙa guda ɗaya ba.

Na so ya yi gardama. Da ya yi, da na samu abin kamawa. Sai ya kalli titi ya ce, "To Yaya, kai ka fi ni sanin ƙarfe." Wannan ladabi nasa ya fi komai ƙona min rai.

Na koma shagon ni kaɗai na ce a yi min odar mai saƙa. Dattijon ya cire tabarau ya dube ni.

"Wa zai riƙa kunna shi?"

"Mahaifiyata."

"Za ta tsaya duba allura?"

"Za ta tsaya. Khalas, rubuta."

Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta.

Ba zan ɓoye ba, ranar da murhun ya iso na ji daɗi. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, ƙofarsa na rufuwa da wani ɗan sauti mai daɗin ji. Na ɗaure shi da kaina, na kai wa masu jigilar kaya zuwa Kano, daga can babbar mota ta hau da shi tsauni. Na rubuta sharuɗɗan da manyan baƙaƙe a kwali na manna a jikin akwatin. Na aika wa Inna saƙon murya har guda shida, ina maimaita mata ba leda, ba kananzir. Ta aiko da nata ta ce ta ji, Allah ya yi albarka, amma ita tun kafin a haife ni take hura wuta. Mai walda na unguwarmu ya kafa bututun ina kallonsa ta waya, ina ce masa ɗan matsa hagu, ɗan ƙara siminti.

Da rani ne, itace ya bushe, murhu ya yi aiki. Baba ya ce ɗaki ya yi ɗumi, har ya cire bargo ɗaya. Ya ce maƙwabta na zuwa kallo. A Juma'ar nan sai da ya yi minti biyar yana magana da ni kafin ya tambayi Dakta. Na duba agogo, shi ya sa na sani. Na miƙa wayar ina kallon ƙanena ta wutsiyar ido, shi kuwa ko a jikinsa, murna ma yake taya ni.

Sai damina ta sauka a Gembu, a nan kuma zafi ya buɗe. Lokacin ne aikinmu ke yawa. Tun da sassafe nake kan rufi, ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa sai da safar hannu, kafil, wato ubangidana, yana ta kira, yalla yalla, gidan wane esi ya tsaya. Baba ya daina kiran da ake ganin fuska, ya ce ruwan sama ya lalata sabis, sai murya kawai.

"Baba, murhu fa?"

"Lafiya lau, Babba. Murhunka lafiya lau."

Sai ya yi tari. In ce tarin nan fa, ya ce mura ce ta damina, kowa na yi.

Ni mutum ne da nake tsayawa a ƙasan bene in ji ƙarar esi a hawa na uku in gaya maka abin da ke damunsa. Na ji fiton nan a ƙirjin Baba sarai, Juma'a bayan Juma'a. Ban matsa da tambaya ba. Na san in na matsa zan ji abin da ba na so, kuma ƙanena na zaune a gefena zai ji shi ma.

A tsakiyar daminar ƙanena ya ce zai je gida hutu. Na yi mamaki, don ya ce min aikinsa ya taru, amma na kai shi filin jirgi na ba shi dabino da man zafi ya kai wa Inna. Kwana uku bayan tafiyarsa ina kan rufin wani gida a Al Thumama, da hantsi, gumi na shiga min ido, wayata ta yi ƙara. Kiran fuska ne. Na koma inuwar tankin ruwa na ɗauka.

Ƙanena ne, ya juya wayar. Ɗakin Baba ne. Ga murhuna a kusurwa, an lulluɓe shi da zanen atamfa, an ɗora filas da rediyo a kai. Ga kasko a gefen gado cike da toka. Bangon da ke bayan murhun ya yi baƙi har silin.

"Baba yana ina?"

"Yana ɗakin Inna, ya samu barci. An kwantar da shi asibiti kwana huɗu a watan jiya."

Inna ta karɓi wayar, ta kawo fuskarta kusa har ba na ganin komai sai goshinta. Ta ce ita ba ta san me ya samu abin ba. Da ruwa ya sauka itace ya ƙi kamawa, ta taimaka masa da 'yar leda kamar kullum, ai ba da yawa ba. Mariƙar kuma wani lokaci ta tuna wani lokaci ta manta. Sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙofar murhun yana cika ɗaki, Baba ya yi ta tari har da hawaye. Ran nan ya ce a rufe abin, a dawo masa da kaskonsa. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Babba, mun ɓata maka kaya." Ni take ba haƙuri.

Ƙanena ya dawo kan wayar. Na shirya jin "ai na faɗa maka." Na ma tanadi amsa. Sai ya ce, "Yaya, ban san ta inda ake kwance shi ba. Ka nuna min."

Na zauna a kan jakar kayan aikina. Na ce ya aro sifana wurin mai walda, ya cire murfin sama, noti huɗu ne. Ya kama ya yi ta ɗaurewa maimakon kwancewa. Na daka masa tsawa na ce ɗaya ɓangaren, Dakta, ɗaya ɓangaren! Ya ƙuje ɗan yatsa, ya sa a baki. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da kyau. Mahaifina na kwance a ɗakin da ke kusa da ƙirji mai fito saboda ni, amma ganin ƙanena na fama da sifana sai da ya yi min daɗi.

Da murfin ya tashi ya zaro saƙar ya ɗaga ta a gaban waya. Ta yi baƙi ƙirin, ramukan sun cushe da wani abu mai danƙo kamar kwalta. Ko haske ba ya ratsa ta. Na ce ya ajiye ta, ba ta da sauran amfani. Na sa ya kira mai walda suka sauke bututun suka kankare shi, aka yanka farantin ƙarfe aka sa a gurbin saƙar yadda hayaƙi zai zagaye shi ya wuce. Na ce a jera itace a madafa kusa da wutar girki ya riƙa shan iska kafin a kai shi ɗaki. Kafin azahar murhun ya kama, hayaƙi na fita ta rufi. Ya koma irin wanda ƙanena ya ce a saya tun farko, sai dai ya fi shi cin itace.

Rana ta taso inuwar tankin ta gudu ta bar ni. Na ce, "Tun yaushe aka rufe shi?"

"Tun farkon damina."

Na ƙirga. Wata biyu da 'yan kai Baba na kwana da gawayi.

"Kai da ka isa ka tarar?"

Ƙanena bai iya ƙarya ba, tun yana yaro kunnensa ke tona shi.

"Baba ya gaya min tun yana asibiti. Shi ya sa na zo."

"Tun yana asibiti."

"Ya ce kada in gaya maka, Yaya."

Wato Juma'a huɗu ya zauna a kan dardumata, ya ci shinkafata, ya ji Baba na ce min murhunka lafiya lau, ya sunkuyar da kai yana shan shayi. Su biyu sun san abu, ni ina riƙe da waya. Ya kamata a ce kunya ce ta fara kama ni, ko tsoron abin da ya kusa samun Baba. Sun zo daga baya, kuma har yau ba su tafi ba. Amma abin da ya fara zuwa kishi ne, tsagwaronsa. Ciwon da ni na jawo, shi ma ƙanena aka ba ajiyarsa. Na kashe wayar ban yi sallama ba, na koma kan esin mutane na ɗaure noti har sai da ya gutsure.

Ban kira ba sai ranar Juma'a. Ni kaɗai ne a ɗaki, ban ma dafa komai ba. Baba ya ɗauka, wannan karon da fuska. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. A bayansa ina hango wuta ta gilashin murhun.

"Babba. Yaya aiki? Yaya zafi?"

"Baba, me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya kalli gefe, ya gyara bargon kafaɗarsa.

"Abin da ka zaɓa da hannunka, ka ɗauro shi tun daga can. In ce maka bai yi ba?"

"Amma ka gaya wa Dakta."

"Shi ai yaro ne. Ko me ka gaya masa ya ji ya wuce. Kai kuwa tun kana ƙarami in abu ya lalace a hannunka kwana uku ba ka cin abinci."

Na ce, "Baba, na san ba zai yi ba. Tun a shagon na sani. Don shi ya riga ni faɗa ne na ƙi."

Ban san me na zata zai ce ba. Ya buɗe baki, sai tarin ya taso masa. Ya juya ya dafa gado, wayar ta karkace ina ganin silin mai baƙi kawai, ina jin fiton yana shiga yana fita. Na riƙe wayar da hannu biyu ina jira. Ya daɗe. Da ya lafa ya ɗago wayar, idonsa ya yi ja ya kawo ruwa, ya goge da bakin bargo.

"Na sani, Babba," ya ce. "Ai na ji muryarka ran da ka ce kai ma ka ga irinsa." Ya numfasa a hankali. "Ka ci abinci kuwa?"